Mai Tsaron Gidanmu Zai Dawo Haɗeja

Daga Zariya, zuwa ga yayana Malam Bakari.

Gaisuwa mai yawa, cike kamar kogi a tsakiyar damina, tare da ladabi da biyayya. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya Safara'u da yara? Ina fata an yanke shinkafar fadama lafiya.

Bayan haka, muna nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Wasannin ƙwallon ƙafa na bana sun ƙare, kwalejinmu kuwa ba ta ci ko ɗaya ba. Baturen makaranta, wanda ya damƙa mini horar da 'yan wasan, ya daina amsa gaisuwata da fara'a, amma wannan mai sauƙi ne.

Abin da ya dame ni shi ne ɗanka Shu'ibu, mai tsaron gidanmu. Duk ƙwallon da ta shiga raga, a wuyansa ɗalibai suke rataya ta, har sun laƙaba masa suna Rariya. Ya rame ƙwarai. Jiya ya ce mini, "Baffa, da wace fuska zan shiga gida?"

Na rera masa baitina:

Kogin Haɗeja kan ƙafe da bazara,
Ruwansa kan dawo ya shafe gaɓa.

Ko murmushi bai yi ba.

Yaya, na san ɗan fari ne, ba ka kama sunansa, ba ka zama inda yake. Ban raina al'ada ba. Amma na roƙe ka, ran da jirgin ƙasansu zai iso garin Malam Madori, kada ka aiki kowa. Ka je tasha da kanka, ka karɓi akwatinsa. Ko ba ka ce uffan ba, zai gan ka.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Isa