Tatsuniyoyin Innarka a Gafaka

Zuwa ga ɗana Mamman a Yamai,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali da yara? Mu nan Dungas sai godiya.

Bayan rasuwar innarka na rubuta tatsuniyoyinta da ajami, na sa a gafaka. Jiya maƙwabciyata ta ce, "Malam, ba ni takarda guda a ɗinka wa jaririna laya." Na ce labarin kura ne, ba ta yarda ba. Nan ba mai karanta su, ni kuma idona ya tafi.

Na ba mai ɗaukar wasiƙun kumandan, wakilin gwamnati na nan, gafakar ya kawo maka. Ta kura ta yara ce, ta matar falke taka ce da matarka. Ta ƙarshen ban gama ba, na manta yadda innarka take rufe ta. In ka tuna, ka cika.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a.

Mahaifinka, Isa