Radiyo ta ce gwiwarsa ƙalau, shi ya ce ƙarya ne

Hajiya, don Allah ki ba ni shawara, na rasa yadda zan yi da maigidana.

A Falanko muke. Manomi ne, kuma ɗan kokawa da aka sani a Damargu. Bayan kakar bara, a wata kokawa a Tanut, ƙafarsa ta nutse cikin rairayi, abokin karawarsa Kadi ya murɗa shi. Ya ce ya ji wani abu ya yi ƙas cikin gwiwa. Ta kumbura kamar tulu. Maɗori ya lalluba, ya ce ba karaya. Muka je Damagaram aka yi hoton ƙashi, wanda suke kira radiyo, aka ce ƙashi lafiya lau. To amma Hajiya, mutum na tafiya sai gwiwar ta sake shi. Ran nan yana ɗauke da buhun gero ya zube a ƙofar rumbu.

Tunda hoto bai nuna komai ba, gari ya ɗauka tsoron Kadi yake. Har makaɗa sun sa shi a zambo. Ni ma, Allah ya yafe mini, wata rana da raina ya ɓaci na ce masa ko dai ciwon a zuci yake. Kwana uku bai ci tuwona ba.

Sai ga wasiƙar ƙanensa Aghali, mai karatu a Faransa, wai can akwai wata na'ura mai maganaɗisu, a kwantar da mutum a cikinta ta nuna jijiya ba tare da an tsaga ba. Shi ke nan! Safe na'ura, yamma na'ura. Wasiƙar har ta yage don karantawa. Ya ƙi ɗaure gwiwar, ya ƙi komawa asibiti, wai likitocin duk makafi ne. Yanzu kuma ya rantse in bai ga na'urar ba, zai shiga filin kokawa bana ya rufe bakin mutane. Da wace ƙafa? 'Ya'yanmu biyar, gonar nan shi kaɗai ke nomanta. Wallahi na gaji.

Matar ɗan kokawa, Falanko

Ƙanwata,

Na kai wasiƙarki wurin wani likitan ƙashi. Aghali bai yi ƙarya ba. Na'urar tana nan, Faransawa na kiranta IRM, kuma tana nuna jijiyoyin da ke riƙe gwiwa. Radiyo ƙashi take gani, don haka jijiya na iya tsinkewa hoto ya fito fes. A iya sanina, har wannan shekara ta 1989 ba mu da ita a ƙasar nan.

Maigidanki yana da gaskiya a wuri ɗaya: ƙarar da ya ji, kumburin, da gwiwa mai sakin mutum, duk alamun tsinkewar jijiya ne. Amma taurin kansa ya ba ni haushi. Na'urar gani kawai take yi, ba ta ɗinke komai. Likitan ya ce wanda ya ƙware yakan gane wannan ciwo da hannu: ya kwantar da mutum, ya ja ƙwauri gaba, ya ji ko ya yi sako-sako. Ku koma Damagaram ku nemi mai duba gaɓoɓi, ku faɗa masa komai, har faɗuwar ƙofar rumbu. Maigidanki ya ɗaure gwiwar, ya yi motsin da za a koya masa don cinya ta yi ƙarfi. Kokawa bana kuwa, babu. In ya shiga, abin da ya rage a gwiwar zai lalace.

Ke ma da naki laifin. Ba Faransa yake nema ba, wanda zai yarda da shi yake nema, kuma maganarki ta fi zambon makaɗa zafi. Ki same shi ku biyu, ki ce kin yarda ciwon gaskiya ne, ki ba shi haƙuri. Daga nan sai ki kawo zancen asibiti, zai fi jin ki.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya kai ku damina yana tsaye a gonarsa.