Ba Ƙafarki Ba Ce, Umma

Assalamu alaikum Umma,

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni ma na yarda da masu zarginki. Shekarar da tumatirin Baffa ya yi yaushi alhali ganyensa kore shar, aka ce farar ƙafa gare ki, don ke kika kai wa masu dashe abinci lambu. Har na daina taka inda kika taka. Kuma kina gani.

Baffa ya hana ki zuwa lambun. Matan gida suka daina aiko miki da ƙullin biki. Ke dai sai ki ce, "Bari, Allah na gani." Da sunan mai farar ƙafa kika rasu.

Shekara biyu ke nan ba kya duniya, bana ma tumatirin ya mutu. Yanzu ƙafata ake kallo.

Ranar Talata wata malamar gona ta zo nan garinmu Fammar daga Rano. Ta yanki karan tumatir ɗaya, ta tsoma a kofin gilashi mai ruwa. Muna kallo wani farin yauƙi ya fara sauka kamar zare. Ta ce ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. In ba su da yawa sai su yi lamo. Da sun yawaita, wani abu a cikin halittarsu sai ya ba su umarni su fara yauƙin, ya toshe hanyar ruwa, shukar ta mutu da ƙishi. Ta ce a ƙasa suke zama, kuma irin dashe da ruwan ban-ruwa da wuƙa ke yaɗa su.

Umma, irin nan Baffa ne ya sayo shi a kasuwa da hannunsa. Yana tsaye aka yi bayanin. Ya ce ikon Allah, ya karkaɗe riga ya tafi. Ko sunanki bai ambata ba. Raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo.

Ki yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya bi miki hakkinki.

Kin san ban iya magana gaban maza ba. Amma gobe bayan la'asar za su taru a zaure, kuma ni ke kai musu ruwa. Na ari kofin gilashi, na yanko karan. Zan ajiye a gaban Baffa, kuma ba zan tashi ba sai ya faɗa cewa ba ƙafarki ba ce.

Taki,
Hauwa'u