Muryar Yaya da Jita Mai Dogon Wuya

Litinin, 3 ga Maris
Yau Yaya ya dawo gwaji, karo na farko tun aikin da aka yi masa a maƙogwaro. Wata bakwai ke nan. Muryar tana nan, alhamdu lillahi, sai dai ta sauka ƙasa, ta yi kauri kamar ba tasa ba. Waƙoƙinmu goma sha ɗaya, babu wadda ya iya kai samanta. Mai piyano ya danna maɓalli ɗaya, sautinsa ya sauka, ya koma shan shayinsa. Ni da ke riƙe da jita kuwa sai da na sassauta tsirkiya shida, kowace mataki biyar. Ga shi ranar 22 za mu hau dandamali.

Laraba, 5 ga Maris
Tsirkiyoyin sun koma igiyar shanya. Da ka taɓa, sai su hau karkarwa suna dukan ƙarafunan wuyan jitar, zzz, zzz, kamar ƙuda a kwalba. In na danna da ɗan ƙarfi, sautin ya karkace. Shekara goma sha huɗu jitar nan ba ta taɓa kunyata ni ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kai ta wurin mai gyara. Ko karɓa bai yi ba ya ce, "Maigida, wuyanta gajere ne, ba a yi ta don wannan zurfin ba. Bariton, jita mai dogon wuya, ita ce maganinka." Ya sauko da wata daga bango, wuya zaƙaƙam, ya fi na tawa da faɗin yatsa uku. Wai tsawon ne ke sa tsirkiya ta tsaya da ƙarfinta ko an sauke ta. Ya ce in ɗauka aro. Na ce gyara na zo, ban zo aro ba. Ya ɗaura mini tsirkiyoyi masu kauri, ya faɗaɗa ramukan da suke bi, yana ta girgiza kai.

Lahadi, 9 ga Maris
Zzz ɗin ya ragu. Yanzu kuma sautin ya dagule, kamar mai magana da bargo a baki. Yatsuna duk sun yi kanta.

Talata, 11 ga Maris
Mai ganga ya ce jitata mura take yi. Kowa ya yi dariya, har Yaya. Ni ban ga abin dariya ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Na yi wani abu yau. Kafin su iso, na ɗaga sautin jitata mataki biyu, na roƙi mai piyano ya bi ni, kada ya faɗa. A raina na ce ai Yaya ya warware, tsoro ne kawai ke hana shi. Jitar ta farfaɗo nan take, wallahi har tsigar jikina ta tashi. Waƙa biyu lafiya lau. A ta uku na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, muryar ta tsage a tsakiyar baiti, tari ya sarƙe shi. Ya daɗe a duƙe. Da ya ɗago sai ya ce, "Ku yi haƙuri, yau ban san me ya same ni ba."
Shi ke ba mu haƙuri. Mai piyano ya kalle ni, na kalli takalmina.

Juma'a, 14 ga Maris
Matar Yaya ta kira ni da sassafe. Ashe mai piyano bakinsa ba ya riƙe magana. Ko gaisuwa babu. "Likita ya ce in ya sake takura muryar nan, shi ke nan. Katako ka zaɓa a kan ɗan'uwanka?" Na fara yi mata bayanin tsirkiya, ta kashe wayar.
Katako wai!

Asabar, 15 ga Maris
Na je gidan. Yaya na zaune da kofin ruwan ɗumi, magana ƙasa-ƙasa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Ƙanena, in muryata ce ta yi maka nauyi, ku nemi wani mawaƙin. Ba zan riƙe ka a rai ba." Mutumin da ya koya mini riƙe jita. Na ce ba haka ba ne, jitar ce. Ya ce, "To."
Daga can na wuce shagon mai gyara. Ya miƙo mini doguwar jitar aro, amma murmushin nan nasa ya fi zagi ciwo.

Litinin, 17 ga Maris
Wannan abu ba jita ba ce, raƙumin dawa ne. Ba ta shiga jakata, a zanin gado na naɗe ta. Sau biyu wuyanta na dukan ƙofar ɗakin gwaji. Tazarar ƙarafunan ta yi faɗi, ƙaramin yatsana kamar zai ɓalle. Inda hannuna ya saba sauka ido rufe, yanzu sai na leƙa kamar ɗan koyo.

Laraba, 19 ga Maris
Ba ta zzz. Iyakar abin da zan ce ke nan.
Mai bes, jitar da ke riƙe da sautin ƙasa, kuma ya fara ƙorafi wai ina shiga gonarsa. Sai da muka zauna muka raba: ƙasa nasa, tsakiya nawa.

Asabar, 22 ga Maris
Mun yi. Na kuskure wuri uku, na farkon kowa ya ji. A waƙa ta shida su mai ganga suka tsaya, ya rage daga ni sai Yaya. Muryar ta kwanta a kan sautin jitar, ba gardama, ba miƙe wuya. Da ya gama bai juyo ba, hannu kawai ya miƙo baya ya dafa kafaɗata.
Kafaɗar ma ciwo take, jitar nan nauyi gare ta.

Talata, 25 ga Maris
Har yanzu ina nan a kan bakana: wuyan ya cika tsawo, kuma ba ta da zaƙin tawa a sama. Matar Yaya ta amsa gaisuwata yau, a taƙaice.
Mai gyara ya aiko a tambaya yaushe zan mayar masa da kayarsa. Na ce a ce masa ba na nan.
Da rana wata sabuwar waƙa ta zo mini, can ƙasa, daidai inda muryar Yaya take zaune yanzu. Na kai baiti biyu. A kan doguwar na yi ta, don dai ita ce kusa da hannuna.