Ɗana Sale Ba Daƙiƙi Ba Ne

Zuwa ga Malam mai duba makarantun elementare na ƙasar Katagum.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ne Garba marini, mai kai baƙin zane kasuwar Azare. Ban iya boko ba. Da ajami na rubuta wannan, maƙwabcina ya juya ta zuwa boko, kuma na ce a karanta ta a fili don iyayen yara su ji.

Na farko. Ba ni na kai ɗana Sale makarantarku ba. Shekara uku da suka wuce dogari da mai unguwa suka ɗauke shi a bakin karofi, uwarsa tana kuka. Na haƙura, na rasa mai taya ni aiki. Yanzu an aiko mini takarda wai daƙiƙi ne, an sallame shi, in riƙe abina. Ban karɓa ba.

Na biyu. Shekara biyu malaminsu yana yabonsa, shi ake tsayarwa ya yi karatu in baƙi sun zo. Ashe malam ke faɗa, aji duka su amsa, Sale kuwa Allah ya ba shi kunne, ya haddace littafin daga bango har bango bai san baƙaƙen ba. Ni ma na ruɗu. Yana karanta mini idonsa a kan kaji, ni kuwa sai fankama nake. To ni marini ne, shi malamin me ya hana shi gani? Ran da ka zo ka buɗe tsakiyar littafi, ka rufe hoton da ke shafin da tafin hannu, ka ce ya karanta, yaro ya yi tsuru-tsuru. Kana tafiya malam ya huce kunyarsa a kansa: bulala shida, ya mai da shi bayan aji, yara suka sa masa suna aku. An bar jaki ana bugun taiki ke nan. Kwana uku yaron nan bai ci abin kirki ba, kuma har yau raina a ɓace yake.

Na uku. Maƙwabcin nawa, Kofur Mele, a soja ya koyi boko. Ya huda takarda ya ɗora kan shafi, baƙi ɗaya kawai ke leƙowa, ya gwada Sale ba tsawa ba bulala. Guda tara ya sani. Ya lura in an zana masa baƙi babba a ƙasa ya bi da yatsa yana faɗa, ba ya mantawa. Kullum bayan la'asar suke yi, cikin kwana ashirin ya ƙara bakwai, ya fara haɗa su. Mu a karofi, in zane bai kama ba a tsomin farko, sake tsomawa muke yi, ba ma cewa zanen ne daƙiƙi.

Ga abin da nake nema, ranka ya daɗe. A janye takardar sallamar nan. A mai da shi gaban aji, a hana sunan banzan nan. A gwada yaran ɗaya-ɗaya yadda Kofur ya yi, don na rantse ba Sale kaɗai ke fakewa cikin amshi ba. Wanda aka samu a baya, a koma da shi kan baƙaƙe, ko da rabin sa'a ce a rana.

Ko an amsa mini ko ba a amsa ba, ranar Litinin zan kawo shi da kaina, in zauna a ƙofar makaranta har a tashi. Mai korarsa sai ya kore shi a idona.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama lafiya, ya ba ka ikon yin gaskiya. Dubi ƙasan takardar nan: sunana da ka gani, Sale ne ya rubuta shi. Babu shi a littafinku, balle a ce hadda ce.

Wassalam.

GARBA MARINI