Gobe Ƙara Za Mu Kai

Dala, Kano
Nuwamba 1954

Zuwa ga Yayana Hammadu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwar Jos. Inna tana gaishe ka, ta ce ko hannunka ne ya karye da ba ka rubutu.

Yaya, ina cikin tsaka mai wuya. Ka san ni da Malam Shehu na makarantar maza ta Ƙofar Na'isa mun fara musayar waƙoƙi: 'yan matan ajina su tsara baiti a kan abin da ke damun unguwarsu, yaransa su amsa. An yi ta rijiya, an yi ta tsadar gero, ba wanda ya tanka. Sai Lauratu, yarinyar da ta fi kowa kai a ajin, ta kawo tata. Yaran wani mai unguwa sun tilasta wa mahaifinta ɗaukar kara daga gonarsa ta bayan Ƙofar Ruwa don a yi wa maigidansu danga, da ya yi gardama suka zane shi a gabanta. Ga yadda ta rufe waƙar: "Jiya mun kai kara, yau mun kai kara, gobe ƙara za mu kai."

Yaran Malam Shehu suka haddace, suka fita da ita titi. Yanzu magana ta kai ga mai duba makarantu, an ce muna koya wa yara siyasa. An kira mu ranar Litinin. In abin ya tabbata, za a kori Lauratu, kuma ita kaɗai ce a gidansu ta taɓa shiga aji. Wallahi tsoro nake ji. Ka sa mu a addu'a, kada ka gaya wa Inna.

Ƙanwarka,
Asma'u

Dala, Kano
Disamba 1954

Yaya Hammadu,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin matarka Habiba ya sauka.

Kafin zaman, Malam Shehu ya zo da dabara. Keken rubutun ofishin mai duba ba shi da harafi mai lanƙwasa, don haka a takardar da ke hannun mai duba, "gobe kara za mu kai" aka buga. Ka ga ta zama waƙar haƙuri ke nan. Na ja Lauratu gefe, na ce in an sa ta karantawa ta faɗe ta yadda take a takardar. Ta sunkuyar da kai.

Aka tara mu, mai unguwar yana zaune a kujera yana kaɗa ƙafa. Aka miƙa mata takardar. Ta yi ta karantawa har ta iso baitin ƙarshe, sai ta tsaya, ta dube ni. Yaya, ta faɗi ƙara ɗin nan da ƙarfin da na bayan taga ma sun ji.

Mai duba mutumin kirki ne, ya so ya ba ni hanya. Ya tambaye ni ko yarinyar ce ta yi kuskuren karatu, ko kuwa haka na koya mata. In na ce kuskure ne, na tsira, ita a kore ta a kan rashin kunya. Malam Shehu sai ƙifta mini ido yake kamar wanda tsakuwa ta faɗa wa. Na ce daidai ta karanta, ni na ba su aikin, ni na duba shi, in da laifi nawa ne.

Jiya aka sallame ni. Lauratu tana ajinta, da safe na hange ta ta wuce ƙofar gidanmu da littattafanta a ka. Na yi kuka, amma ban yi nadama ba. Ka zo ka gaya wa Inna da bakinka, don har yanzu tana tashina da sassafe kada in makara.

Ka gaida kowa da kowa.

Taka har kullum,
Asma'u