Farin Garin Da Ya Zo Daga Bakura

Janbako,
Lahadi, 12 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Yayana Murtala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali da aikin asibiti. Tun da aka rufe layukan waya ban ji muryarka ba, shi ya sa na ba Lukman direba wagga takarda.

Maganin sugan Inna saura na kwana tara. Kasuwa kuma a rufe take, ba inda zan samo. Abin da ya fi damuna shi ne ta ƙi shan kunu salam. Ta ce shekara sittin tana sha da zaƙi, ba yanzu za a mayar da ita mai shan ruwan tsari ba. Maƙwabta kowa da tasa: wannan ta ce zuma ba ta da illa, waccan ta ce a jiƙa dabino, wata ta ce mazarƙwaila tunda daga rake take. Wanne zan sa mata?

Ranar Alhamis ta taka kututturen kara a bayan gida, ya yanke ta a babban yatsa. Ba ta ma sani ba, ni na ga jini a takalminta.

Ka gaida matarka da yara.
Ƙanwarka, Ummulkhairi.

Talata Mafara,
Alhamis, 16 ga Satumba.

Ummulkhairi,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ba ki ladan jinya. Ki gaishe min da Inna ƙwarai.

Zuma da dabino da mazarƙwaila duk abu ɗaya suke yi a jinin mai irin ciwonta: hawar da suga. Zuwansu daga itace ko daga gona bai canza wannan ba. Ga maganin wata biyu na ba Lukman, da busasshen ganye a kwalba, sitibiya sunansa. Ki murza kaɗan a kunu. Yana da zaƙi, ba ya tayar da suga, amma ki ji da kyau: ɗanɗano kawai yake gyarawa, ba ya warkar da komai. Kwaɗon zogale da miyar shuwaka ki ci gaba da yi mata, abinci ne mai kyau, ba madadin ƙwaya ba.

Maganar yatsan ce ta tsaya min a rai. Rashin jin zafin nan ba alheri ba ne. Ki tafasa ruwa da ɗan gishiri, ki bar shi ya huce, ki wanke safe da yamma, ki rufe da tsabtataccen ƙyalle. Kada a barbaɗa toka ko wani gari. Kullum ki duba launinsa, ki rubuto min.

Yayanki, Murtala.

Janbako,
Lahadi, 26 ga Satumba.

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ka yafe min jinkiri, akwai abin da na ɓoye maka kwana bakwai.

Ganyenka Inna ta ce yana barin ɗaci a maƙogwaro. Ana haka sai ga saƙo daga Bakura, daga Kawu Yahaya: farin gari cike da leda. Ya ce wani mai magani ya kawo musu, sugan masu ciwon suga ne, yana zaƙaƙa abinci kuma yana wanke ciwon daga jini cikin kwana arba'in, da sharaɗin a ajiye maganin asibiti. Ka san Inna da ƙanenta. Na ce mu jira mu ji daga gare ka, sai ta ce, “Yahaya ne zai kashe ni? Nono ɗaya muka sha.” Cokali uku take zubawa. Jiya na ishe ƙwayoyinka ƙunshe a ƙarƙashin tabarma, tana karɓa ta yi kamar ta haɗiye.

Ta yi farin ciki da garin, amma jikinta ba haka ya nuna ba. Randa guda take shanyewa a yini. Zobenta ya soma zamewa daga hannu. Inda ta yi fitsari kiyashi ke taruwa, haka ma bakin ledar. Yatsan ya yi duhu har gindinsa, da wari kaɗan.

Zaman garinmu ma ba daɗi. An ga mutane bisa babura a bakin gulbi sau biyu, gida huɗu a layinmu sun kwashe sun tafi. Ga ɗan garin na ƙulla a cikin takardar, ka duba.

Ummulkhairi.

Talata Mafara,
Talata, 28 ga Satumba.

Ummulkhairi,

Na ɗora garin a cokali bisa wuta. Ya narke, ya yi ja kamar alewa. Suga ne zalla aka niƙa, aka gauraya da garin rogo don ya yi yawa. Ki zubar da shi yau, ko Inna za ta yi fushi da ke shekara guda. Ki tsaya a kanta har ta haɗiye ƙwaya, ki yi ta ba ta ruwa.

Wannan ya wuce jinyar gida. Na roƙi Lukman ya ɗauko ku. Ki ɗauki katinta da zane biyu, kada ki tsaya neman mai tsaron gida ko awaki. Ina jiran ku a asibitin Maradun. Na rubuta wa Kawu.

Murtala.

Bakura,
Laraba, 29 ga Satumba.

Zuwa ga ɗana Murtala,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da tambayar lahiyarka da ta iyalinka baki ɗaya. Takardarka ta ishe ni, kuma na ji abin da ka ce, ko da yake ba haka ɗa ke yi wa kawunsa magana ba.

Wanga gari ban aika wa uwarka Taiba da shi ba sai da na gwada a kaina. Ciwonmu guda, gadon uwarmu ne. Yau kwanana ashirin da uku ina sha, na aje ƙwayoyinku, kuma ga ni zaune. Mutumen dattijo ne, a gaban jama'a ya rantse. Ya gaya muna za a ji ƙishi da kasala, alamar ciwon na fita ne. Haka kuwa nake ji, ba ƙari ba ragi. Idona ya ɗan yi hazo, shi ya sa Hauwa matata ke rubuta wagga takarda, ni ina faɗi.

Shekara goma kuna ba mu ƙwaya ba ku ce za mu warke ba. Wanga ya ce kwana arba'in. Saura sha bakwai, ku bar ni in cika.

Allah shi yi maka albarka.
Kawunka, Yahaya.

Janbako,
Alhamis, 30 ga Satumba.

Yaya,

Lukman bai iso ba. An tare hanya, ya juya daga Maradun, ya ba Nazifa ungozoma takardarka ta taho da ita a ƙasa. Ita za ta kawo maka wannan gobe.

Na zubar da garin a masai. Inna ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Barci kawai take yi, in na tashe ta sai ta kira ni da sunan Gwaggo da ta rasu. Duhun ya hau bayan ƙafa.

Maƙwabcinmu Ɗanasabe ya yarda ya kai mu a amalanken shanunsa, ya ce ya san hanyar cikin gonaki, dawa ta yi tsayi za ta rufe mu. Jibi Asabar za mu fito da hantsi, lokacin da mutanen can suka fi kwanciya. In la'asar ta yi ba ka gan mu ba, kada ka biyo sawu. Kana da yara.

Ka yafe min kwana bakwan nan.
Ummulkhairi.

Maradun,
Talata, 5 ga Oktoba.

Zuwa gidan Kawu Yahaya, Bakura,

Assalamu alaikum. Inna da Ummulkhairi sun iso ranar Asabar, rana na gab da faɗuwa. An cire wa Inna yatsu biyu, likita ya ce sai Alhamis za a san makomar ƙafar. Jiya ta dawo hayyacinta. Ba ta tambayi ƙafarta ba, cewa ta yi, “Ku je ku ƙwace ledar nan daga hannun Yahaya.”

Kawu, tun bayan takardarka, tawa ta uku ke nan ba amsa. In ba kai ka buɗe wannan ba, Inna Hauwa ko duk wanda ya buɗe, kada ku tsaya neman yardarsa, ku kawo shi asibiti. Motar da ta kawo takardar tana ƙofar gida, na ce wa Lukman kada ya kashe ta.

Murtala.